Kafin ka yanki tikitin Dubai, yaranka sun taɓa hawa Gobarau?

Da zarar dogon hutun makaranta ya matso, 'yan uwa da abokai daga gida sukan fara turo mini tambaya iri ɗaya, saboda sun san ina zaune a Rabat, babban birnin Maroko. Wane gari ya fi dacewa a kai iyali bana, Marakish ko Alƙahira, Istanbul ko Dubai? Nakan faɗa musu abin da na sani. Amma kafin nan sai na mayar musu da tawa tambayar: yaran nan da kake son ka nuna wa duniya, sun taɓa hawa hasumiyar Gobarau ta Katsina? Sun taɓa leƙa rijiyar Kusugu ta Daura? Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Haba Yaya, ai nan gida ne."

Wannan amsa ita ce damuwata. Mu Katsinawa da Daurawa da ke zaune a Abuja, Legas, Fatakwal ko ƙasashen waje, ba mu fasa zuwa gida ba, Alhamdu lillahi. Sai dai dubi yadda zuwan yake. Biki ne ya kawo mu, ko suna, ko ta'aziyya. Daga tasha ko filin jirgi sai gidan Hajiya, daga nan sai gidan kawu, gobe gidan gwaggo, jibi gidan surukai. Yaro ya durƙusa ya yi gaisuwa, a ba shi lemo, a ce ya girma, a koma mota. Zumunci ibada ne, ba na raina shi ko kaɗan. Amma yaron da aka yi wa haka shekara da shekaru, abin da ya sani na Katsina falo ne da zaure. Birnin kansa bai taɓa ganinsa ba.

A nan Maroko na ga wani abu dabam. Magidanci daga Kasabalanka, wanda iyayensa 'yan Fas ne, zai kwashi iyalinsa ya kai su Fas a matsayin baƙi. Zai kama masauki a cikin tsohon gari, ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi, ya biya shi, su bi lungu-lungu. Za a tsaya da yara a ƙofar masallacin Ƙarawiyyin a gaya musu an kafa shi a shekarar 859, kuma mace ce, Fatima al-Fihri, ake danganta ginin da ita. Daga nan a hau da su benen masu sayar da kayan fata da ke kallon majemar Shuwara. A bakin matakala wani yaro zai miƙa wa kowa reshen na'a-na'a ya riƙe a hanci saboda wari. Daga sama kana hango ramuka jere, wasu farare da ruwan toka, wasu ja, wasu rawaya, majema sun naɗe wando har cinya suna tattake fata a ciki. Mutane daga Japan da Amurka suna tsaye suna ɗaukar hoto. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan warin na san shi tun ina yaro, kuma a gida gudunsa muke yi, babu wanda ya taɓa ce mana abin kallo ne. Alhali fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, wani kaso nata daga ƙasar Hausa ayari ke ɗauko shi, musamman fatar jar akuyar Sakkwato, a ƙetara Sahara da ita. Kafin jihadi kuwa, Katsina na cikin manyan zangon da wannan ayari ke sauke kaya.

Haka batun ganuwa. Abin da ya fi fitowa a hotunan Marakish shi ne jar ganuwarta, mai tsawon kusan kilomita 19, kuma da ƙasa aka gina ta, ba da dutse ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen birnin tsakanin mil 13 da 14, wato fiye da kilomita 20. Tamu ba ta gaza tasu ba. Bambancin shi ne su suna yaɓe tasu, suna toshe inda ruwa ya ci, mu kuma muka bari aka yi ta ɗibar ƙasarta ana yin tubali, aka yanka filaye a kanta, har ta zama tuddai nan da can. Ƙofofin ma wasu an rushe su an sake su da siminti. Wannan yana yi mini ciwo, kuma ba zan ɗora laifin a kan hukuma kaɗai ba, domin mutanen gari ne suka ɗebi ƙasar. Duk da haka sunayen suna nan, wuraren suna nan: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka wadda ta nan Lugga ya shiga garin a 1903. Uba ɗaya da mota ɗaya da safiya ɗaya sun isa a zagaya su duka, ana tsayawa ana ba yara labari.

Ba zan yaudari kowa ba, Gobarau ba ta kai Kutubiyya ta Marakish ba, wadda tsayinta ya kai mita 77. Ba ta ma kai ta Agadas ba, mai mita 27. Tsayin Gobarau wajen mita 15 ne. Wanda ke neman dogon gini ya tafi Dubai ya ɗaga kai har wuyansa ya gaji. Amma ka hau matakalar Gobarau da ɗanka a gaba, kana dafa bangon ƙasa, ku fito sama iska ta buge ku, ka nuna masa rufin gidajen tsohon gari da bishiyoyin darbejiya, ka ce masa ana danganta wannan gini da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, zamanin da malamai irin su Shehu Magili, mutumin Tilimsan, suka ratso Sahara suka zo Katsina da Kano. Ka ce masa a nan aka yi karatu kafin a san wani abu wai shi boko, kuma a garin nan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi zamani a ƙarni na 17. Sai ku sauko ku je ku ga tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin makarantar ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Barewa. Wannan yaron zai koma makarantarsa ta Legas ko ta Landan da abin da babu wani ɗan ajinsu da zai iya saya da kuɗi. Hoton da aka ɗauka a gaban Burj Khalifa kuwa, rabin ajin suna da irinsa.

Akwai kuma lissafin yanayi da mutanenmu ba sa yi. Dogon hutu yana faɗowa a Yuli da Agusta. A wannan lokaci Dubai wuta ce, zafi yakan haura digiri 40, sai ka ga iyali sun kashe maƙudan kuɗi sun ƙare a cikin kantuna masu na'urar sanyi, daga otal sai kanti. Marakish ma haka take a waɗannan watanni, mutanen garin da kansu bakin teku suke gudu. Alhali a daidai lokacin ne ƙasar Katsina ta fi kyau. Damina ta zauna, gero ya yi tsayi, hanyar Daura kore shar hagu da dama, ga ɗanyar gyaɗa da gasasshiyar masara a bakin titi, ga nono ya wadata. Wanda ya ce zai kai yara gida a Afrilu, cikin tsakiyar bazara, shi zan ba shawara ya dakata.

To tsakanin biyun fa, Katsina ko Daura? Ni Bakatsine ne, amma zan faɗi gaskiya. Idan masauki kake nema da sauƙin zirga-zirga, Katsina ce. Ita ce babban birnin jiha tun 1987, ita ke da filin jirgin sama, ita ta fi otal-otal. Idan ka dace da Sallah, ka tsaya a Ƙofar Soro ka ga hawa, hakimai suna zuwa jahi ɗaya bayan ɗaya a gaban Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Garin dawaki ne na gaske. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a garin, ɗansa Usman Nagogo ya ɗaukaka shi, har yau ana bugawa.

Amma idan abin da kake so shi ne labari ya shiga zuciyar yaro ya zauna, Daura ta fi. Tafiyar wajen kilomita 80 ce daga Katsina, ana zuwa a dawo a yini, ko da yake na fi son a kwana. Daura ba ta da hayaniya, kuma abin da za a gani yana kusa da juna. An yi wa Kusugu gini an rufe ta, za ka shiga ka tarar da bakin rijiyar, a zura guga a jawo ruwa a ba ka ka sha. Na ga yarinya ƙarama ta leƙa ciki, ta ja da baya da sauri ta riƙe rigar babanta, ta ce, "Baba, macijin yana nan?" Duk wanda ke wurin ya yi murmushi, amma ni na san an gama da ita, ba za ta ƙara mance Bayajidda ba, da tsohuwa Ayana da ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, da Sarauniya Daurama, da Bawo da 'ya'yansa. Malaman tarihi suna da ja a kan labarin, wasu suna ganin hikaya ce da ke bayyana sauyin mulki daga hannun mata zuwa maza. Wannan muhawara tana da kyau, yaro zai same ta idan ya girma. Amma sai ya fara sanin labarin tukuna, kuma a bakin rijiyar ya fi daɗin ji.

Daura tana da wani abin kuma. Gidan sarautarta na Haɓe, wanda jihadi ya fitar zuwa Zango, an dawo da shi kan karaga a 1906, shi ya sa al'adun fadar suke da tsufa irin wanda ba ka cika gani a wasu masarautu ba. Babban lokacinta Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal. Tunda watan Musulunci yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, Mauludin 2025 ya faɗo farkon Satumba, wato shekarun nan masu zuwa Gani za ta riƙa faɗowa cikin dogon hutu. Wanda ke da yara 'yan makaranta ya lura da wannan dama, don idan ta wuce sai an jira fiye da shekara 25 kafin ta zagayo. Tun daga Yulin 2025 kuma, da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa, garin ya ƙara samun masu ziyara.

Na san abin da wani zai ce: tsaro fa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da bakin da zan raina ta ina zaune a nesa. Ƙananan hukumomin yammacin jihar, irin su Jibiya, Batsari da Safana, sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, an rasa rayuka, an raba mutane da gonakinsu. Akwai shekarun da aka dakatar da hawan Sallah. Don haka kada kowa ya ɗauki hanya da maganata kaɗai. Ka kira mutanenka na gida su gaya maka halin da ake ciki a makon da za ka taso, ka yi tafiya da rana, ka tabbatar za a yi hawan kafin ka sa rana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a shafa wa jiha guda baƙin fenti, har ɗan asalin garin ya riƙa jin tsoron kai 'ya'yansa cikin birnin da iyayensa ke kwana suna tashi.

Akwai abin da Maroko ta fi mu nesa ba kusa ba, kuma ba kuɗi ba ne kawai. A Fas, tsofaffin gine-gine da yawa suna da allo a bango da ke faɗin sunansu da shekarunsu. Akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai tikiti mai farashi a rubuce, akwai ban-ɗaki, akwai mai shara. A wurarenmu sau da yawa sai ka yi cigiyar mai makulli. Ga ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da yawansu za su iya wannan aikin jagora da Hausa da Turanci, wasu har da Larabci, su sami na kansu. Amma ba za a horar da ɗan jagora don baƙon da ba ya zuwa ba, kuma Bature ba zai riga ɗan gari zuwa ba. Idan mu da ke da ɗan hali muka fara zuwa muna tambaya, muna biya ba tare da jayayya ba, muna sayen aikin dukawa da na masaƙa a hannun masu yinsa, za a ga akwai abin yi a wurin.

Ban ce kada a je Dubai ko Alƙahira ba. Wanda Allah ya hore wa ya je, in ya biyo ta Rabat ma ni zan tarbe shi. Roƙona ɗaya ne: a hutun bana, cikin kwanakin da za ka yi a gida, ka ware biyu ko uku da babu gaisuwa a cikinsu. Ka gaya wa Hajiya tun da wuri don kada ta ga kamar an guje ta, in ma da hali ka sa ta a gaban mota, domin ta fi kowane ɗan jagora sanin wace unguwa ce ta marina, wace ce ta maƙera, da gidan wa aka rushe aka yi titi. Rana ɗaya ta cikin birnin Katsina, sauran na Daura.