Svalbard: Dokar nisantar farin beyar daidai ce, ko da za ta rage wa masu yawon buɗe ido armashi

Duk kamfanin da ke tallar yawon jirgin ruwa zuwa Svalbard hoto guda yake sa wa a gaba: farin beyar tsaye a kan ƙanƙara, kusa da jirgi har kana iya ƙirga gashin bakinsa. Tun ranar 1 ga Janairun 2025 neman irin wannan hoto ya zama karya doka. Gwamnatin Norway ta ce tsakanin mutum da farin beyar sai an bar mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa mita 500. Ta kuma hana jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 200 shiga yankunan da aka keɓe don kare muhalli, ta taƙaita sauka a mafi yawansu zuwa wurare 43. Masu harkar sun yi ta ƙorafi. A ganina Norway ta yi daidai a kan nisa da yawan fasinja, kuma duk mai niyyar zuba kuɗinsa a wannan tafiya ya kamata ya fahimci dalili kafin ya biya.

Svalbard tarin tsibirai ne a yankin Aktik, tsakanin digiri 74 da 81 arewa, ƙarƙashin Norway bisa yarjejeniyar 1920. Babban garinsu Longyearbyen, daga nan zuwa tsakiyar ƙuryar arewacin duniya kimanin kilomita 1,300 ne. Fiye da rabin ƙasar kogunan ƙanƙara ne suka rufe ta, wato daskararriyar ƙanƙara mai kauri da ke gangarowa a hankali daga tsaunuka zuwa teku. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana ba ta faɗuwa. A wannan tsakanin jirage ke fita, daga ƙananan masu filafilai da ke ɗaukar mutum goma sha biyu zuwa manyan da aka ƙarfafa jikinsu don karo da ƙanƙara. Yawanci sukan bi gaɓar yamma su yi arewa, in ƙanƙara ta ba da hanya su ratsa mashigin Hinlopen, inda dutsen Alkefjellet yake da tsuntsaye dubbai a kowace tsaga.

Sauka a gaɓa aiki ne mai tsari. Kafin a sauke kwale-kwalen roba, jagorori kan ɗauki lokaci suna leƙa gaɓar da madubin hangen nesa, suna bin kowane farin dutse har su tabbata ba ya motsi. Sannan mutum biyu ko uku su fara sauka da bindiga, wadda doka ta ce kada girman harsashinta ya gaza .308 ko .30-06, da kuma bindigar tartsatsi ta koro. Sai sun hau tudu sun duba bayan kowane kwari kafin su kira sauran ta rediyo. In hazo ya sauko, an fasa ke nan, domin ba ka tsare abin da ba ka gani. In an hango beyar ko daga nesa ne, kowa ya koma kwale-kwale ba gardama.

Abin da ke faruwa in tsarin ya karye a rubuce yake. A Agustan 2011, kusa da kogin ƙanƙara na Von Post, beyar ya shiga sansanin ɗaliban Birtaniya ya kashe yaro ɗan shekara 17, ya raunata mutum huɗu. Wayar gargaɗin da aka kewaye tantuna da ita ba ta tashi ba, ba a sa mai gadi ba, bindigar ma ta ƙi tashi da farko. A Yulin 2018 kuma ma'aikatan jirgin Bremen sun sauka a tsibiran Sjuøyane don duba gaɓa, beyar ya far wa ɗayansu, aka harbe shi. Abin lura a nan shi ne irin wannan haɗuwar kurkusa sau da yawa da gawar beyar take ƙarewa, dabbar da aka haramta farautarta tun 1973. Ko ba a kai ga harbi ba, macen da ta fito daga rami da 'ya'ya a watan Maris ko Afrilu ta yi watanni ba ta ci komai ba. In ƙarar inji ta kore ta daga inda take dakon sil, dabbar teku da take ci, a bakin ramin ƙanƙara, abincin kwanaki ta rasa, fasinja kuwa ya koma gida da hoto bai san ɓarnar da aka yi ba. Dalilin ƙarin nisan zuwa mita 500 a wannan lokaci ke nan. Wanda ke son gani da kyau ya sayi madubi mai ƙarfin takwas ko goma, da kyamara mai dogon hanci.

Kogin ƙanƙara ma haka yake, sai dai shi yaudararsa ta fi yawa, don a ido kamar bango ne da ba ya motsi. Fuskar irin su Monacobreen takan kai tsayin gomman mita a saman ruwa, kuma ba ta sanarwa kafin ta ɓalle. Haɗari uku ne a ciki. Gutsattsarin ƙanƙara na tashi sama kamar tsakuwar majajjawa. Igiyar ruwan da faɗuwar ke tayarwa takan ƙara tsayi in ta iso wuri marar zurfi, ta kwashe kwale-kwalen da aka ja bakin gaɓa. Na ukun shi ne wanda baƙi ba sa tsammani: ƙanƙara na ɓallewa daga ƙarƙashin ruwa ta taso sama can gaban fuskar, inda matuƙi ke jin yana nesa. Shawarar da ake aiki da ita ita ce mita 200 a ƙalla, a ƙara in mashigin matsattse ne ko fuskar ta yi tsayi. A 2007 fasinjojin jirgin Aleksey Maryshev da dama sun ji rauni a Hornsund sa'ad da ƙanƙara ta ɓalle jirgin yana kusa, a 2012 kuma wata Bafaranshiya ta rasu a kwale-kwale a Ymerbukta. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna nisa a wurin da babu itace ko gini. Jagora na ƙwarai yana riƙe da na'urar auna nisa, ko ya tambayi jirgi abin da rada ta nuna.

Iyakar fasinja 200 kuwa lissafin ceto ne zalla. Gwamnan Svalbard yana da jirage masu saukar ungulu guda biyu. Asibitin Longyearbyen ƙarami ne, mai mummunan rauni sai an kai shi Tromsø, kusan kilomita 1,000. A Maris na 2019 injinan jirgin Viking Sky sun mutu cikin hadari saboda ƙarancin man shafawa a tankunansu, da mutum 1,373 a ciki. A gaɓar Norway ne, kusa da garuruwa da filayen jirgi, amma aka kwana ana jigila ba a kwashe ko 500 ba. A ɗauki wannan a kai shi Hinlopen, inda jirgin kamun kifi Northguider ya hau dutse a Disamban 2018 da mutum 14 kacal. Ruwan can bai wuce digiri kaɗan sama da sifili ba, wanda ya faɗa ciki ba rigar kariya, cikin minti goma hannunsa ba zai iya riƙe igiya ba.

Kada a ɗauka ƙaramin jirgi mai filafilai ya tsira daga wannan. A cikin mashigai iska ba ta da tabbas, sau da yawa inji ake tafiya da shi, wani lokaci kuma iska mai sanyi ta zubo daga kan ƙanƙara ba zato. Ciyawar teku kan nannaɗe anka ta hana ta kama ƙasa, ƙanƙara mai yawo ta hau kan sarƙa ta ja jirgin, shi ya sa dole a raba gadi dare da rana. Inda kogin ƙanƙara ya janye kwanan nan, taswira ba ta da zurfin wurin, sai a tafi a hankali ana kallon ma'aunin zurfi. Kamfas na maganaɗisu yana kasala a can, wayar tauraron ɗan adam ma sai irin Iridium.

Tarihin wurin kansa shaida ne a kan abin da sakaci ke jawowa. Bayan matuƙin jirgin ruwa Willem Barentsz ɗan Holan ya ga tsibiran a 1596, 'yan Holan da Ingila suka yi ta kashe manyan kifayen wel don mai har suka kusa ƙarar da su. A Smeerenburg har yau ana ganin da'irar man da ya daskare da yashi inda tukwanen dafa kitse suka zauna. Walrus, dabbar nan mai haure biyu, sai da aka hana kashe ta a 1952 sannan ta fara farfaɗowa. A Virgohamna akwai tarkacen da Andrée ɗan Sweden ya bari lokacin da ya tashi da balan-balan a 1897 shi da abokansa biyu, ba a ga gawarwakinsu ba sai a 1930 a Kvitøya. A Ny-Ålesund hasumiyar da aka kafa wa jirgin balan-balan Norge na Amundsen da Nobile a 1926 tana nan tsaye. Duk abin da ɗan adam ya bari kafin 1946 doka ta kare shi, ko tsatsar ƙusa ce. Kaburburan Gravneset sai da aka kewaye su saboda sawun baƙi ya cinye ciyawar wurin, ciyawar da ke ɗaukar shekaru kafin ta dawo.

A nan ne nake da ja da dokar. Tara kowa a wurare 43 yana iya haifar da Gravneset da yawa, kuma ya yi wa jirgin mutum goma sha biyu kuɗin goro da na mutum 200, alhali sawunsu ba ɗaya ba ne. Ya fi dacewa a ba ƙananan ƙungiyoyi masu ƙwararren jagora ƙarin sarari, a riƙa auna lalacewar kowane wuri ana rufe wanda ya gaji.

Mai son zuwa daga Najeriya ko Nijar ya sani cewa Svalbard ba ta buƙatar biza, amma hanyar jirgin sama ta Oslo ko Tromsø take bi, kuma tsibiran ba sa cikin Shengen, don haka sai bizar Shengen mai shiga biyu, in ba haka ba dawowa za ta gagara. Batun salla inda rana ba ta faɗuwa, malamai sun yi bayanin ƙaddara lokaci da gari mafi kusa mai dare da rana ko da Makka, a tambaya tun a gida. Tufafi a sa na ulu hawa-hawa, a guji auduga domin tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Kamfani kuma a tambaye shi ko yana cikin AECO, ƙungiyar kamfanonin yawon jirgin ruwa a Aktik, jagora nawa ne ga fasinja nawa, akwai rigar kariya daga ruwan sanyi ga kowa, kuma inshorar ta haɗa da kwashe majiyyaci ta sama. Wanda ya yi maka alkawarin tabbas za ka ga beyar kurkusa, ka nemi wani kamfanin.