Tsare wanda ake zargi a bariki na kashe shari'arsa tun daren farko

A fagen fama ba a tsayawa neman takardar izinin kamu. An yi musayar wuta, an ci ƙarfin sansani, an tarar da mutum talatin: wasu riƙe da bindiga, wasu masu girki ne da aka tilasta wa aikin, wasu manoma ne da aka sato daga gonakinsu. Babu mai hankalin da zai ce soja ya sake su nan take, kuma dokar yaƙi ta amince da wannan kamu. Gardamar tana farawa ne washegari. Wa ke riƙe da mutanen nan, bisa wace takarda, kuma har zuwa yaushe?

Tsarin riƙe fursunan yaƙi har a daina faɗa ya samo tushe daga yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949. An gina shi a kan yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa, inda soja ke sanye da kaki, kuma akwai ranar da za a zauna a sa hannu a ce an gama. Yaƙi da ta'addanci ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ba a gane mayaƙi da tufafinsa, ba a kuma san wanda zai sa hannu a ƙarshe ba. Izinin amfani da ƙarfin soja da majalisar Amurka ta bayar a Satumban 2001 yana aiki har yau. Sashe na 1021 na dokar kasafin tsaro da Barack Obama ya sanya wa hannu ranar 31 ga Disamban 2011 ya tabbatar da ikon soja na tsare mutum ba shari'a har ƙarshen yaƙin. Idan yaƙin ba shi da ƙarshe, wannan ɗaurin rai da rai ne da babu alƙalin da ya yanke shi.

Mutane da yawa suna kwantar da hankalinsu da cewa irin wannan doka ta baƙi ce, ba ta taɓa ɗan ƙasa. Jose Padilla ɗan Amurka ne, kuma a filin jirgin saman Chicago aka kama shi a Mayun 2002, nesa da kowane fagen daga. An ayyana shi mayaƙin abokan gaba, aka kulle shi a kurkukun sojan ruwa shekara uku da rabi. Da aka kai shi kotun farar hula a 2006, zargin haɗa bam mai guba da aka yi ta yayatawa a kansa bai ma fito a takardar tuhuma ba. Da wasu laifuffuka aka same shi. Yaser Hamdi, wanda aka haifa a jihar Louisiana ta Amurka, sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2004 dole a ba shi damar ƙalubalantar tsarewarsa a gaban wanda ba ya ɓangaren kowa. Maimakon a kawo hujja, sai gwamnati ta sake shi zuwa Saudiyya a wannan shekarar.

Abin da masu goyon bayan tsarewa ba sa son dubawa shi ne yadda take lalata ƙarar da za ta iya ɗaure mai laifin gaske. Shari'ar ta'addanci tana tsayawa ne a kan abin da aka tattara a sa'o'in farko: sunan wanda aka kama, wuri da lokacin kamun, rundunar da ta kama shi, sunan sojan da ya ga bindiga a hannunsa, hotonsa tare da kayan da aka samu a jikinsa, da wayarsa a cikin jakar da aka liƙe aka sa wa lamba. Soja ba a horar da shi don wannan aiki ba. Sai a tara bindigogin mutum talatin a bayan mota ɗaya, a zuba wayoyinsu a buhu ɗaya. Bayan wata shida an canja wa bataliyar wurin aiki, sojan da ya yi kamun yana wata jiha, ko ya kwanta dama. Ranar da mai gabatar da ƙara zai buɗe fayil, abin da zai tarar shi ne takarda guda ɗaya mai ɗauke da amsa laifi.

Ita kuma wannan takarda ba ta daɗewa a gaban alƙali. Sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta azabtarwa, ta 1984, ya hana karɓar maganar da aka tatso da azaba. A Najeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya. Mutumin da ya yi shekara biyu a bariki ba lauya, ba bidiyo, ba rahoton likita, lauyan da ya fi kowa rauni ma zai iya rusa maganar da aka ce ya yi. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, an kama shi a Maris ɗin 2003. An gana masa azabar shaƙewa da ruwa sau 183, kuma fiye da shekara ashirin bayan kamun ba a fara ainihin shari'arsa ba. A cikin wannan lokaci kotunan tarayya na farar hula a Amurka sun ɗaure ɗaruruwan mutane kan laifin ta'addanci. Daga cikin kimanin mutum 780 da suka ratsa kurkukun sojan Amurka na Guantanamo tun Janairun 2002, 'yan ƙalilan ne kotun soja ta samu da laifi.

Haka lissafin ya fito a barikin Kainji da ke jihar Neja. A zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargi da zama 'yan Boko Haram, a Oktoban 2017, an ɗaure mutum 45, an sallami 468. A Fabrairun 2018 an ɗaure 205, an sallami 526. A cikin waɗanda aka sallama akwai wanda bai aikata komai ba ya yi shekaru a kulle, wataƙila akwai kuma wanda ya aikata amma hujjar ta salwanta. Wasu ba su kai ranar shari'a ba: a 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun daga 2011, da yawansu a barikin Giwa na Maiduguri, saboda yunwa, ƙishirwa, cunkoso da azaba. Rundunar sojin ta musanta rahoton. Bariki dai ba a gina shi don ajiye dubban mutane ba. Ɗakin da aka yi wa mutum goma, idan aka cusa masa ɗari a lokacin zafi, ba sai an taɓa kowa ba za a fara fitar da gawa.

Birtaniya ta gwada wannan hanya a Ireland ta Arewa. Ranar 9 ga Agustan 1971 ta kwashe mutum 342 da tsohon jerin sunaye mai cike da kurakurai, kuma shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk rikicin yankin, inda kusan mutum 500 suka mutu. Unguwar da aka kwashe 'ya'yanta ba bayani ba ta sake kawo wa hukuma labari.

Hukumomin tsaro suna da hujjar da ya kamata a saurara. Akwai bayanan sirri da fito da su a kotu zai tona asirin wanda ya kawo su, akwai shaidun da ke tsoron rayukansu, kuma binciken waya ko asusun banki ba ya kammala cikin kwana biyu. Duk wannan gaskiya ne, amma kowanne yana da maganinsa a cikin kotu. Ana ɓoye sunan shaida da fuskarsa. Ana rufe zaman kotu a ɓangaren da ya shafi sirri kaɗai. Birtaniya tana amfani da lauyoyi na musamman da aka tantance su ga bayanan sirrin a madadin wanda ake zargi, kuma iyakar tsarewa kafin tuhuma a can kwana 14 ne, alƙali ke ƙara kwanakin kashi-kashi. Bukatar ƙarin lokaci dalili ne na zuwa gaban alƙali a nema.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar falsafa. A rubuta sunan duk wanda aka kama a rajista ɗaya cikin sa'a 24, a sanar da iyalinsa inda yake, a buɗe wa jami'an Red Cross ƙofa. A haɗa kowace runduna da 'yan sanda masu bincike da lauyan gwamnati, domin su karɓi kaya da shaida tun kafin su gauraya. A yanka wa'adin miƙa mutum ga hukumar farar hula da kwanaki ƙididdigaggu, a kuma rubuta hukuncin kwamandan da ya ƙetare shi, domin wa'adin da ba mai amsa laifin karya shi ba ya aiki. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu cikin kilomita 40, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace idan ta fi haka nisa. Ga yara kuwa, yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 ta sa kwana bakwai don miƙa su ga hukumar farar hula. Inda aka ga dole a ci gaba da riƙe wani, yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta ce a sake duba batunsa aƙalla sau biyu a shekara, kuma ya kamata nauyin kawo sabuwar hujja ya hau kan gwamnati a kowane zama.

Ranar sallama ma tana da nata aikin. Wanda aka saki ba takardar kotu a hannu, shingen bincike na gaba zai sake riƙe shi, maƙwabtansa kuma za su ci gaba da kallonsa a matsayin ɗan ta'adda. Yana bukatar takarda mai hatimin kotu, a kuma goge sunansa daga jerin waɗanda ake nema. Ƙaramin sashe na 6 na wancan sashe na 35 ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Mutumin da ya fito daga bariki bayan shekara biyar ba shi da kuɗin ɗaukar lauya ya nemi wannan haƙƙi, don haka kotun da ta sallame shi ita ya kamata ta yanke diyyar a zaman da ta sallame shi.