Ciwon sukarin yara: sauƙin farko ba warkewa ba ne

'Yan uwa na Garwa da Marwa, ga kuskuren da ke cinye mana yara. An gano yaro yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, an fara masa allurar insulin, bayan 'yan makonni sukarin ya daidaita, har likita ya rage adadin. Sai gida ya ce jiƙon da aka haɗa masa ne ya yi aiki, a ajiye allura. Ba jiƙo ba ne. Garkuwar jikin yaron ce ke kashe ƙwayoyin beta masu yin insulin a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, amma ranar da aka gano ciwon ba duka suka mutu ba. Allurar ta ba ragowar hutu, suka ɗan farfaɗo. Da an yanke ta, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, a nan kuma a kan ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Wannan ragowar masu bincike ke fafutukar tsarewa. Ma'auninsu si-feftayid ne, sinadarin da jiki ke fitarwa tare da insulin ɗinsa, wanda babu shi a na kwalba.

A 2022 Amurka ta amince da teplizumab, maganin danne garkuwa ta ƙarin ruwa na kwana 14 da ke jinkirta bayyanar ciwon kamar shekara biyu. Gwajinsa na 2023 a yara 328 da aka fara wa cikin mako shida da ganowa ya kare si-feftayid, amma matsakaicin sukarinsu bai bambanta sosai da na sauran ba. Kuɗinsa kuwa ya haura sefa miliyan 100, a bar wannan zance. Baricitinib, ƙwaya ɗaya kullum na mako 48 a Ostareliya, shi ma ya taimaka, amma da aka daina sai amfanin ya fara zagwanyewa. Wanda ya fi jan hankalina verapamil ne, tsohon maganin hawan jini mai araha: yaran da suka fara shi cikin wata guda sun fi sauran si-feftayid da kashi 30 bayan shekara. Kada kowa ya saya a kemis. Yana rage bugun zuciya da ƙarfin jini, sai da awon zuciya.

Ku lura, kusan duk yaran nan suna kan allurarsu, kuma an kama ciwon da wuri. Mu kuwa sai yaro ya rame, yana fitsarin kwance, kafin a ɗiga jininsa a na'ura. Ga kuma binciken 2025 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu: kusan kashi 65 na matasa masu ciwon da aka auna ba su da alamar farmakin garkuwa a jini, ke nan maganin danne garkuwa ba lallai ya amfane su ba.

Yaron da ke yawan ƙishi da fitsari, a auna shi ranar. Insulin kuma, in babu firji a zafin Afrilu, a rufe shi cikin roba a sa a tulu kan jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.