Mutum-mutumin tiyata: mu shiga da injiniyoyinmu, ba da majinyata kaɗai ba

Ranar 7 ga Satumba 2001 likita Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire wa wata mata 'yar shekara 68 maɗaciya, ita kuwa tana kwance a Strasbourg ta Faransa. Kwana huɗu bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba, hankalin duniya ya koma can. Ni dai ba nisan ne ya dame ni ba, yadda aka raba aikin ne. Mutum-mutumin ZEUS na kamfanin Computer Motion ne na Amurka, layin sadarwar na France Télécom, su suka tabbatar jinkirin da ke tsakanin motsin hannun likita da abin da yake gani a allo bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, likitocin kuma na IRCAD, cibiyar bincike da koyar da tiyata da ke Strasbourg. Kowa ya zo da abin hannunsa.

Haka aka yi a 2013 da hannun roba mai jin taɓi da aka gwada a asibitin Gemelli na Rum, masu bincike daga Pisa da Lausanne, siraran wayoyin da aka dasa a jijiya daga Freiburg ta Jamus, mutumin da aka saka wa ɗan Denmark, aka rufe masa ido ya riƙa bambance abu mai tauri da mai laushi.

To mu da me muke zuwa? IRCAD ta buɗe reshe a Kigali a 2023, ana koya wa likitocin Afirka tiyatar da ba sai an tsaga ciki ba, wallahi abin a yaba ne. Amma koya wa likita riƙe na'ura rabin aiki ne. Da Vinci, mutum-mutumin tiyatar da Amurka ta amince da shi tun 2000, kuɗinsa na kaiwa wajen dala miliyan 2, kuma ba a nan tsadar ta tsaya ba, almakashi da sauran kayan da ake ɗaura masa suna ƙirga sau nawa aka yi aiki da su, adadin na cika sai su daina, dole ka sayo sabo, ga kuɗin sabis duk shekara, in ya lalace sai dai ka jira injiniyan kamfani. Kamar ka sayi mota ne a ce ba ka da izinin buɗe bonet. Ƙasar da ta shiga haka kwastoma ce kawai, ko da kuwa an rubuta “haɗin gwiwa” a takarda.

Indiya ta gane wannan. Likita Sudhir Srivastava ya ƙera nasu, SSI Mantra, mai rahusa. Tun kafin nan ma ƙungiyar Indiya da ke raba ƙafar roba da ake kira ƙafar Jaipur ta haɗa kai da ɗaliban Stanford suka fitar da gwiwar roba ta wajen dala 20, kuma Indiyawan ne suka san masu amfani da ita da irin ƙasar da za su taka.

Na san za a ce haba malam, asibitin da ke neman iskar oksijin da wuta ina shi ina mutum-mutumi? Gaskiya ne, kuma ni ba cewa nake a kwashi kuɗin magani a sayo Da Vinci ba. Cewa nake ɗauke wuta da ƙurar hunturu da zafin bazara su kansu tambayoyin bincike ne, na'urar da ta yi aiki lafiya a ɗaki mai sanyi a Lausanne ba lallai ta kai wata shida a nan ba, wanda ya san haka kuwa yana da abin kawowa. Jami'ar Bayero na da sashen mekatironiks, wato ilimin haɗa inji da lantarki da kwamfuta, ga asibitin ƙashi na Dala a gari ɗaya, ga masu neman ƙafa da hannun roba saboda haɗarin mota da ciwon suga.

Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da wata jami'ar waje, a rubuta a ciki cewa injiniyoyinmu na nan tun daga zanen farko, sunansu na kan takardun binciken da haƙƙin mallaka, kuma littafin gyara da manhajar na'urar suna hannun asibitin da za a ajiye ta.