Garin da samarinmu ke sha kafin ɗaga ƙarfe: zuciya ce ke ɗaukar nauyin

Wanda duk ke fita motsa jiki da sassafe a Murtala Square da ke Kaduna, ko yake leƙa gidajen ɗaga ƙarfe na Barnawa da Unguwar Rimi, ya ga samari da gorar roba suna girgiza wani ruwa ja ko shuɗi. Garin ƙara kuzari ne, wanda ake rubuta wa "pre-workout" a jikin roba. Ka tambayi yaro abin da ke ciki, sai ya ce maka, "Yaya, yana aiki dai."

Aikin nan da yake faɗa, akasarinsa kafeyin ne, sinadarin da ke cikin goro da kofi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce miligiram 400 a yini shi ne adadin da galibi ba ya cutar da baligi mai lafiya. Cokali ɗaya na irin wannan gari kan kai 150 zuwa 300. Yaro ya zuba biyu don jikinsa ya saba da ɗaya, ya kora da lemon ƙara kuzari, sannan ya shiga ɗakin da ba iska a zafin watan Afrilu. Faɗuwar gaba, rawar hannu, jiri, gudawa da kwana ido biyu duk daga nan suke. Ƙaiƙayin fuska da suke murna da shi kuwa, wai alamar ya kama, sinadarin beta-alanine ne ke taɓa jijiyoyin fata. Ba shi da haɗari sosai, amma ba ya nuna ƙwanji na ƙaruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ba a rubuta ba. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikinsu, dokar 1994 ba ta tilasta a gwada irin waɗannan kaya kafin a kai su kasuwa ba. A 2011 sojojin Amurka biyu suka mutu bayan sun yanke jiki sun faɗi a wajen atisaye, aka samu sinadarin DMAA, wanda ake sakawa a wasu kayan ƙara kuzari, a jininsu, rundunar ta janye shi daga shagunanta. A 2013 maganin rage ƙiba na OxyElite Pro ya lalata hantar mutane a jihar Hawaii ta Amurka, har aka yi wa wasu dashe. Can da ke da ɗakunan gwaji ke nan. Mu kuma a nan abokinka ne zai ɗebo maka daga robarsa, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa.

Hawan jini kuma ya yi mana katutu, kuma ba ya sallama. Saurayi ɗan shekara 25 zai iya yawo da shi bai sani ba.

Ba na cewa a bar ɗaga ƙarfe; na fi son ganin yaranmu a can da a majalisar shaye-shaye. Amma mai gidan da ke karɓar kuɗin wata ya sayi na'urar awon jini ya ajiye a bakin ƙofa, ya auna duk sabon shiga, ya kuma hana rabon garin da ba a san asalinsa ba. Wanda ƙirjinsa ya riƙe ko numfashinsa ya sarƙe a tsakiyar atisaye, a nufi asibiti da shi nan take, kar a tsaya yi masa fifita.