Ga Malaman Makarantun Kwana: Ku Ƙirga Butoci Kafin Ku Ɗauki Bulala

'Yan'uwa matasan malamai, daga Gusau har Talata Mafara da Ƙauran Namoda, ku da iyaye suka damƙa wa 'ya'yansu dare da rana, mu yi wa juna nasiha. Yawancin abin da muke kira taurin kan ɗalibi, tsarinmu ne ke haifar da shi.

Ku ɗauki sallar Asuba. A ce yara 60 ne, banɗaki 4, kowane yaro yana cin minti 3. Minti 45 ke nan kafin na ƙarshe ya fito, ba a ma zo kan buta ba. In ka tashe su saura minti 20 a tayar da iƙama, ga babban ɗalibi tsaye da dorina a ƙofar masallaci, me kake zaton na ƙarshen layi zai yi? Zai shafa ruwa a fuska ya shiga sahu ba alwala. Ya yi haka sau uku ba a gane ba, shi ke nan, ya koyi cewa sallah ta idon mutane ce, alhali Ahalari yana hannunsa, babin tsarki ma ya haddace shi. Maganin ba tsada: a cika randa tun dare, musamman da hunturu, a tashe su ɗaki-ɗaki, ƙanana su fara, malami kuma ya yi tasa alwalar a wurin, suna kallonsa yana kallonsu.

Haka barci. Yaron da aka saki daga karatun dare ƙarfe 11, aka tashe shi 4 da rabi, zai yi gyangyaɗi a kan hadda ko da ɗan waliyyi ne. A rufe karatun ƙanana kafin 9 da rabi, a ba su ƙailula da rana.

Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na umartar yara da sallah a shekara 7 da dukansu a kanta a shekara 10, duk mun haddace shi. Amma ƙarshensa fa, inda aka ce a raba musu wurin kwana? Kada ɗan shekara 9 ya kwana ɗaki ɗaya da wanda ya balaga. Kowa da tabarmarsa da mayafinsa, fitila a kunne, malamin da ke da kwanan aiki ya zaga a lokacin da ba su sani ba. Wannan ɗin ma yana rage yaɗuwar ƙazuwa da makero. Mai fitsarin kwance kuwa, a tashe shi cikin dare a asirce. Tsiyar da za a yi masa gaban 'yan ɗaki ba ta busar da tabarma.

Hukunci kuma kada ya fita daga hannun malami. Shugaban ɗaki ya rubuta suna, iyakarsa ke nan. Ranar da ka miƙa masa bulala, ranar ƙanana suka fara biyan haraji da garin kwaki da sabulu. Laifin farko a kira yaro gefe. Na biyu a sa shi gyara abin da ya ɓata: ya zubar da ruwa, ya ɗebo; ya yi zagi, ya nemi afuwa gaban waɗanda suka ji. Na uku a sanar da mahaifinsa. Ibn Sahnun, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya taƙaita dukan karatu a bulala 3 sai da izinin uba, kuma malaman mazhabar sun hana fuska da kai. In zuciyarka na tafasa, ɗage hukuncin zuwa bayan La'asar. Sau da yawa kafin lokacin za ka gano cewa yaron bai karya kumallo ba ne.