Maƙalar da aka karɓa cikin kwana huɗu

Daren Laraba bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya shigo gida da salula a hannu, bakinsa har kunne. Shekararsa ta uku ke nan a karatun doktora kan ajiyar wake. Kaka biyu ya yi yana zarya a kan babur tsakanin ƙauyukan Agye da Gazawa, yana auna buhuna, yana ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda. Ya ce, "Kawu, an karɓi artikil ɗina." Na yi masa barka, na tambaye shi yaushe ya tura wa mujallar maƙalar binciken nasa. Ya ce ran Asabar. Na ce to masu bita me suka ce ka gyara? Ya ce ba su ce komai ba, sai dai an ce ya biya jikka 90 kafin Juma'a, ran Litinin maƙalar ta fito.

Jikina ya yi sanyi. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a aikin binciken noma kafin in ajiye, na san kwana huɗu ba sa isa a auna aikin shekara biyu.

Ga wanda bai saba da harkar ba, a mujallar kirki edita ne ke fara duba maƙala ya ga ko ta shiga fanninsa. In ta shiga sai ya nemi masana biyu ko uku, galibi ba ka san ko su wane ne ba, su zauna su tsefe ta. Buhu nawa ka auna? Don me ka zaɓi ƙauyen nan ka bar wancan? Lissafinka ya dace da yawan samfurin da ka ɗauka? Mafi yawan masu wannan aiki ba a biyan su ko dala, sai sun tashi daga aji ko sun dawo daga gonar gwaji suke zama da dare su yi. Shi ya sa abin ke cin makonni, wani lokaci watanni. An taɓa maido mini da maƙala ɗauke da shafi uku na tambayoyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na natsu sai na ga mutumin ya kama kuskure a lissafina, wanda da ya fita haka, da na ba manoma shawarar da ba ta da tushe. Har yau ban san sunansa ba, kuma har yau ina yi masa addu'a.

Irin mujallar da ta rubuto wa yaron nan ba sabuwa ba ce. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya cusa mata kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gani, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙirƙira duk na Afirka ne, wato da rigarmu ya shiga kasuwar. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu na damfara har ya rufe jerin nasa a farkon 2017. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar dalar Amurka miliyan 50 da ƴan kai saboda yaudarar masu bincike. Duk da haka saƙonninsu ba su daina shigowa imel ɗin yaranmu ba, suna kiran ɗalibi "babban farfesa" tun bai kare digirinsa ba.

Ban ga laifin yaron ba, don na san abin da ke tura shi. Ana so ya fitar da maƙala kafin a ba shi damar kare aikinsa. Malaminsa kuma yana haɗa dosiye zuwa CAMES, hukumar nan da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci. Neman a ga abin da malami ya wallafa kafin a ɗaga shi daidai ne, ina goyon baya. Sai dai duk inda aka ce ƙirga za a yi, za a sami masu cika mudu da tsakuwa. Aiki ɗaya a yanka shi gida uku don ya zama maƙala uku. A ɗauko rubutun wani na Ingilishi a juya shi Faransanci, a ce nawa ne, don an san manhajar gano satar rubutu ba ta cika kama irin wannan ba.

Amma abin da ya hana ni barci a daren nan shafin farko ne. Da na karɓi salular na ga sunaye biyar. Na farko nasa, na biyu na malamin da ya duba aikin da gaske. Na uku wani babba ne da yaron ya ce ko gaisawa sau biyu kawai suka yi, an dai ce masa "haka ake yi". Na huɗu da na biyar abokan wani ne, irin cinikin nan na sa ni a taka in sa ka a tawa. Na ce ina sunan yarinyar nan da ka ce ita ta riƙe maka ma'auni, ta tsara tambayoyin da kuka yi wa mata, ta gano cewa alƙaluman ƙauye ɗaya sun cakuɗe? Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, ai ita teknisiyan ce."

Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya daɗe da fayyace wanda ya cancanci a kira marubuci, kuma fannoni da yawa sun ɗauki ma'auninsa. Sai wanda ya sa hannu sosai a tsara binciken, ko tattara bayanai, ko fassara su, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da abin da za a buga, sannan ya yarda a tuhume shi in an sami matsala. Wannan na ƙarshen shi ne wanda manyanmu ke mantawa. Suna a kan maƙala shaida ce. Wanda ya sa sunansa yana cewa duniya, na gani, na auna, na tsaya a kai. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan nauyin shaidar zur, ta yaya za mu ɗauki wannan a matsayin ladabi ga na gaba? Girmama manya yana da ƙofofi da yawa, akwai shafin godiya a ƙarshen kowace maƙala. Kuma babban da ya san girmansa shi ne zai fara cewa, cire sunana, ban yi aikin nan ba. Na san mutum biyu da suka taɓa faɗin haka a gabana, ban manta da su ba.

Mu a Maradi bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Kowane yaro da ya zauna gaban malamin zaure ya ji labarin ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Malaman hadisi kuwa sun ƙare rayuwarsu suna bin isnadi, wa ya ji daga wa, shin sun ma taɓa haɗuwa, shin mutumin nan haddarsa na da ƙarfi. Da zarar an kama mai ruwaya da ƙarya sau ɗaya, an bar karɓar maganarsa ke nan. Bitar masana da ambaton inda ka ɗauko magana, jikokin wannan tarbiyya ne ko da a wata ƙasa aka raɗa musu suna.

Wani zai ce maƙalar da mutum goma za su karanta, wa za ta cutar? Ku dubi buhun PICS, mai leda biyu a ciki, da ake sayarwa a kasuwanninmu. Jami'ar Purdue ta Amurka ta faro shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi suka gwada shi a ƙasarmu suka wallafa sakamako. Hikimarsa ita ce in an ɗaure bakinsa da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su shanye sauran iskar da ke ciki su mutu, ba tare da an zuba wa wake guba ba. Matar da ke ƙauye ba ta karanta maƙalar ba, amma ta zuba waken shekararta a ciki saboda malamin gona ya ce mata an gwada. Shi ma malamin gona bai gwada ba, ya yarda da abin da aka buga ne. Da a ce alƙaluman nan a ɗaki aka zauna aka ƙaga su, cikin ƴaƴanta ne zai biya.

Ga kuma misalin da likitoci ba sa mantawa. A 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga aikin Andrew Wakefield a kan yara 12, aka yi ta yayata cewa allurar rigakafin ƙyanda na da alaƙa da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Sai a 2010 aka janye maƙalar, aka kuma soke lasisinsa na likita. Shekara 12 maganar tana yawo da hatimin babbar mujalla, iyaye suka guji allura, ƙyanda ta dawo wuraren da aka kusa mantawa da ita. Mu da muka san abin da ƙyanda ke yi wa yara a lokacin zafi, mun san wannan ba wasan takarda ba ne.

Saboda haka maganata ta fi karkata ga masu riƙe da mujallunmu na gida, na jami'o'i da na ƙungiyoyin masana. Ina son su, ina so su yi ƙarfi, don su ne za su buga aikin gero da wake da ɗan Turai ba zai damu da shi ba. Amma edita ba ya miƙa maƙalar amininsa ga wani amininsa ya duba. Ba ya zama alƙali a kan tasa maƙalar. In an kawo masa ƙorafin sata ko ƙagen alƙaluma, ba ya cewa a rufa asiri don mai laifin surukin wane ne. Tun 1997 akwai kwamitin COPE da ke shimfiɗa wa editoci matakan da za su bi a irin wannan hali, kuma kyauta suke a intanet. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, akasarinsu daga mujallun wani kamfanin ɗab'i mai suna Hindawi. Adadin abin tsoro ne, amma aƙalla wani ya buɗe buhun ya duba ƙasansa.

Haka baƙin da ke zuwa da mota su kwashe bayanai a ƙauyukanmu, yaranmu su yi musu tafinta da awo wata shida, maƙala ta fito ba sunan ɗan ƙasa ko ɗaya. Wannan ma zalunci ne, sai dai bakinmu zai fi ƙarfi a kansa ranar da muka daina yi wa teknisiyan ɗinmu irinsa.

Yaron bai biya jikka 90 ɗin ba. Ya rubuta musu cewa ya janye, har yanzu suna turo masa saƙo suna rage farashi. Mun zauna tare mun duba mujallun da ke kan AJOL, shafin intanet da ke tattara mujallun bincike na Afirka, ya zaɓi ɗaya da muka ga sunayen editocinta na gaske ne, ana iya samun su a jami'o'insu. Ya sa sunan yarinyar a na uku bayan ta karanta rubutun ta yi nata gyaran, ya cire na abokan nan biyu. Sunan babban ne ya ce ba zai iya taɓawa ba, don mutumin zai iya zama cikin waɗanda za su saurari kariyar digirinsa. Ban matsa masa ba, na san abin da yake tsoro gaskiya ne. Na karɓi lambar malaminsa, gobe bayan la'asar zan je in same shi.